Rarar Kuɗin Wuta a Bakin Tafki

Zdenka, ma'aikaciyar gidan waya, ta dubi takardar kuɗin, ta dubi Drahuše, ta turo mata abarta ta ƙarƙashin gilashi.

"Ba zan iya ba ki ba. Nan an rubuta Vlastimil Bartoš. Ke ce Vlastimil?"

"Zdenka, benci ɗaya muka zauna a firamare. Kin san kuɗina ne."

"Na sani, na kuma san aikina. Ya zo da kansa da katin shaidarsa. Yau kuma Asabar, rabin rana muke yi."

Drahuše ta fito tana huci kamar tukunyar kabeji.

A garinmu kowa ya san yadda ake yi da kamfanin wuta. Kowane wata su zari rabonsu daga banki ba sallama, ƙarshen shekara a karanta mita, in akwai rara a dawo maka da ita. Drahuše da gangan ta ce su riƙa zarar fiye da abin da take sha, domin kuɗin da ya kwana a asusunta ƙafa yake yi. Yau motar ɗanta Radek ta lalace, gobe haƙorin jikarta. Amma wanda ke hannun kamfani, ko Radek ya yi kukan jini ba ya fitowa. Ta zauna da ƙwan fitila ɗaya, ta riƙa guga sau ɗaya a mako. Da ta koma wani kamfani mai rahusa, tsohon ya rufe lissafi, sai ga rarar koruna, kuɗin ƙasarmu, dubu goma sha huɗu ta gidan waya.

Daidai kuɗin kujera a motar da za ta kai matan ƙungiyarsu ta waƙa, har da Zdenka, bakin teku a Croatia. Drahuše ta haura sittin ba ta taɓa ganin teku ba sai a kalanda. Květa, mai shirya tafiyar, ta ce yau ce ranar ƙarshe, in ba kuɗi za ta ba wata kujerar.

Matsalar ɗaya ce. Tun kafin Radek ya yi gemu mijinta Vlastimil ya kwashe kayansa ya bar gidan, kotu ta raba auren, amma ba wanda ya tuna da sunan da ke kan mita.

Ba ta ɓata lokacin zuwa gidansa ba. Ta hau kekenta ta nufi babban tafki, inda ƙungiyar masunta ke gasar shekara. Ta same shi a kan 'yar kujera, hula ta rufe masa ido, sandar fatsa a gabansa, bokitinsa fayau.

"Tashi, tsoho. Gidan waya za mu."

Vlastimil ya ɗaga hular. "Drahuška! Wa ya mutu?"

"Kai, in ba ka tashi ba."

Ta yi masa bayani a tsaye. Yana ji yana murmushi, gashin bakinsa na rawa.

"Ashe ina da kuɗi ban sani ba."

"Kana da suna dai. Tashi!"

"Ba inda za ni. Wanda ya bar sandarsa ba mai tsaro, an cire shi daga gasa. Sai an tashi da yamma."

"Da yamma Zdenka tana gida tana yanke farce!"

Maƙwabcinsa na dama, wani mai tumbi da ake kira Pepík, ya sa baki ba a tambaye shi ba. Ya ce ai doka ta yarda matar mutum ko ɗansa ya riƙe masa sanda na ɗan lokaci. Alƙalin gasar kuma baƙo ne daga garin Tábor, bai san kowa ba.

Suka dubi juna.

"In bar ka ka tafi kai kaɗai da kuɗina?"

"In bar miki sandata? Ke da ba ki san kan ƙugiya da gindinta ba?"

Alƙali ya iso wurin da littafinsa a hammata. Vlastimil ya miƙe, ya dafa kafaɗarta.

"Ranka ya daɗe, uwargida ce. Za ta riƙe mini in je in dawo."

"Cire hannunka," in ji Drahuše ta cikin haƙora, tana yi wa alƙali murmushi.

Ya karɓi takardar, ya hau kekenta, ya tafi yana tangaɗi. Ta zauna a kujerar da ke warin kifi da taba.

Ba a jima ba ta janyo zaren don ta ga abin da ake ta zaman jira, ta tarar ƙugiya tsirara, kifaye sun cinye abincin tun tuni. Ta buɗe gwangwanin Vlastimil, ta ga tsutsotsi na mutsu-mutsu, ta rufe da sauri. Ta laluba jakarta, ta ɓalli gefen burodi mai cuku da ta yi guzuri, ta murza, ta soka a ƙugiya, ta wurga. Ya faɗa nan kusa da ciyayi.

Pepík ya yi dariya har tumbinsa na tsalle. "Uwargida, can ai kwaɗi ne kawai."

Bai rufe baki ba sandar ta lanƙwashe kamar za ta karye.

Drahuše ta rungume ta da hannu biyu, abin ya ja ta har takalmanta suka shiga laka. Nan take maza suka bar kujerunsu suka yi layi a bayanta, kowa da fatawarsa.

"Saki zare!"

"Kar ki saki!"

"Ɗaga sama! Ke, ƙasa, ƙasa!"

"Ku rufe mini baki!" ta daka musu tsawa. Ta kafa ƙafa, ta riƙa ja yadda take jan kafet in za ta kai shi shanya. Kifin ya yi gabas, ya yi yamma, ya gaji. Pepík ya miƙo koma mai dogon hannu, ta zura, sai ga kifin kapr mai faɗin tire, ya fi cinyarta kauri. Wani tsoho ya cire hularsa.

An aika a kira alƙali da sikelinsa daga can ƙarshen tafki. Kafin ya iso aka bar kifin cikin komar, rabin jikinsa a ruwa, hannun komar a hannun Drahuše.

Sai ga Vlastimil ya dawo yana fito, yajin mustad a gashin bakinsa. Bai lura da taron ba. Ya bubbuga aljihun ƙirjinsa.

"An biya. Sai dai mu yi magana, Drahuška. Shekara da shekaru sunana na yi miki gadin mita, ba albashi ba hutu. Kashi ɗaya cikin uku nawa ne, kuɗin hayar suna."

"Haka ne?"

"Adalci ke nan. Tambayi kowa."

"To, leƙo nan."

Ya leƙa. Bakinsa ya buɗe. Tun yana saurayi yake shiga gasar nan, abin da ya taɓa ci kawai safar hannu ce, kyautar wanda ya zo na bakwai.

"Da sandata?" ya ce a hankali. "A kujerata?"

"Kifinka ne, in alƙali ya same shi a nan." Ta ɗan karkata komar. Kifin ya ji ruwa, ya kaɗa wutsiya.

"Kar ki yi! Drahuška, don girman Allah, hannunki na rawa!"

"Tsufa ne. Miƙo."

"Kashi ɗaya cikin goma fa?"

Ta ƙara karkatawa. Maza suka yi ihu baki ɗaya, Pepík ya rufe ido. Vlastimil ya fizgo ambulan ya cusa mata a aljihun riga. Ta ba Pepík ya ƙirga, ita tana riƙe da koma.

"Saura koruna sittin," in ji Pepík.

"Tsiran nama na ci a hanya," in ji Vlastimil kamar zai yi kuka. "Yunwa, Drahuška. Ga alƙali can ya taho!"

"Ni ma na gan shi."

Ya zazzage aljihunsa, ba komai sai ƙugiyoyi da ashana. Ya juya ga abokan gasarsa yana roƙo, wannan ya ba da goma, wancan biyar, tsohon nan mai hula ya cika sauran. Sai da ta ji nauyin silallan a tafinta sannan ta miƙa masa hannun komar.

Ta ɗauki kekenta ta tura zuwa hanya. Ba ta yi nisa ba ta ji wani ƙaton tsundum a bayanta, sai ihun maza, sai muryar Vlastimil daga cikin ruwa yana cewa a tare shi can, a tare shi can. Ko kifin ne ya fara faɗawa ko shi, ba ta waiwaya ta gani ba.

Ta sami Květa a lambu tana tsinkar tumatir. Květa ta dubi lakar da ke ƙafarta, ta toshe hanci.

"Ke kuwa daga ina? Warin kifi kike yi."

Drahuše ta ajiye ambulan a kan kwandon tumatir, ta zuba silallan a kai.

"Kusa da taga nake so. Kuma ba bayan Zdenka ba."