Hita a Motar Dinyoyi

Har yau in na ji ƙugin motar Fokko a bakin gona, sai raina ya ɓaci. Ƙanina ne uwa ɗaya uba ɗaya. Shekara talatin yana jigilar furanni daga Holan zuwa kasuwanninmu, shi ya sa yake ganin duk abin da zai shiga mota ya fi kowa sanin yadda ake ɗaukarsa.

Dinyoyi biyu suka rage min daga irin da Baba ya yi shekara arba'in yana tacewa: Onno, namijin, da matarsa Tomma. Farare tas, masu dogon wuya. A duk yankinmu babu namiji mai wannan jinin sai Onno. In ya tafi, irin Baba ya tafi.

Ranar baje kolin kaji da dinyoyi a garin Leer, cikin sanyin Nuwamba, motata tana wurin bakanike. Dole na kira Fokko. Ya zo da motarsa mai rufi, yana fito.

Na shimfiɗa busasshiyar ciyawa a keji biyu, na ajiye su gefe da gefe yadda za su riƙa ganin juna, na ɗaure da igiya. Sannan na ce, "Fokko, kafofin iskar nan ka bar su a buɗe. Kada ka taɓa komai."

"Yaya Gesche, a wannan sanyin?"

"Dinya da bargonta aka haife ta. Zafi ke kashe ta, ba sanyi ba."

"Na ji, ranki ya daɗe."

Na shiga gida ɗauko takardar likitan dabbobi. Minti biyar ban yi ba. Ashe a minti biyar ɗin nan hannunsa ya yi abin da ya saba yi kowace safiya: ya toshe kafofin, ya rufa wa kejin biyu bargon da yake rufa wa furanni, ya kunna hitar da ke ɗumama bayan motar.

Muka kama hanya yana ta zuba, labarin wani fure da ya kai Bremen ko ganye ɗaya bai faɗi ba. Mun yi kusan awa ɗaya kafin na lura. Shiru. Dinya ba ta shiru a mota, tun daga gida take zagin direba har a isa.

"Tsaya."

"Saura kaɗan fa, Yaya. Barci suke yi, sun ji ɗumi."

"Wane ɗumi?"

Da ya ga idona sai ya gangara gefen titi.

Ina buɗe ƙofar baya, wani huci ya buge ni kamar an buɗe tanda. Na fizge bargon. Tomma ta wangale baki tana haki, fukafukai a sake. Onno kuwa yana kwance, wuyansa a miƙe a kan ciyawa. Na sungume shi na gangara magudanar ruwan da ke gefen titi, na shiga har gwiwa, ina jiƙa masa ƙafafu da ƙarƙashin fiffike, ina kiran sunansa. Ya buɗe ido sau ɗaya. Daga nan jikinsa ya yi nauyi a hannuna.

Fokko na tsaye a sama, hula a hannu.

"Tausayinsu na ji, Yaya. Na ga ana sanyi."

"Tausayi? Na faɗa maka ko ban faɗa maka ba? Da bakin nan nawa na faɗa maka. Ka taɓa ganin dinya da rigar sanyi? A kan ƙanƙara suke kwana, kai ma a gidan ka tashi. Amma ina, kai gwani ne, kai ka san mota. Fure ka ɗauko, ko?"

"Zan saya miki wani. Ko nawa ne."

"A ina? Je ka tono Baba ya sake yin shekara arba'in."

Wannan ta shige shi, na gani a fuskarsa, kuma ban yi nadama ba. Na ce ya buɗe kafofin ya juya mu gida. Na zauna a baya tare da Tomma, ina ɗiga mata ruwa a baki, gawar mijinta a cinyata. Da ta farfaɗo sai ta zuro wuya ta cikin keji tana taɓa shi, tana wani ƙaramin kuka da ban taɓa ji ba.

Fokko ya zo sau uku da neman gafara. Mutane suna cewa in yi haƙuri, ai ba da gangan ya yi ba. Na sani. Abin da ke ƙara ƙona min rai ke nan, da mugunta ce da na san inda zan ajiye ta.

Da bazara ta shigo, Tomma ta tara ciyawa a lungun rumfa, ta fige gashin ƙirjinta ta shimfiɗa, ta saka ƙwai goma sha ɗaya. Na san babu komai a cikinsu, tunda babu namiji. Ƙwan dinya ma a kusan kwana talatin yake ƙyanƙyashewa. Yau kwananta talatin da huɗu a kai, ko abinci sai na kai mata har gabanta, kuma na kasa ɗaga ta.