Layin da Mujtaba Ya Zaɓa

Wata takwas ke nan da tafiyar Mujtaba Saudiyya, kuma ko sau ɗaya Iya Hannatu ba ta yi magana da shi kai tsaye ba. Ita ce kakarsa, ita ta karɓe shi yana ɗan kwana arba'in da uwarsa ta rasu, ta goya shi har zanin goyon ya gaji. Duk unguwarsu a Mai Wurno, garin Hausawa a ƙasar Sudan, an san su da tsokanar kaka da jika. Ita ta kira shi maigida ta ce cefanensa bai isa ba, shi kuma ya ce zai sake ta ya auro mai haƙora.

To, tun da ya tafi sai dai saƙon murya. Sau biyu a wata yakan faɗo a wayar Ramla, autar Iya da ke aure a maƙwabta. Saƙon ba ya wuce gaisuwa da roƙon addu'a, cikin wata murya ƙasa-ƙasa kamar mai tsoron tada jariri. Iya ta ce mura ce ta kama yaron, har ta ƙulla bagaruwa a ƙyalle ta ba masu zuwa Umra su kai masa.

Ta sa Ramla ta tambaye shi me ya hana shi kira. Ya ce layin waya a ƙasar iri-iri ne, mai kiran Sudan ya fi ƙarfin sabon zuwa, shi ya sa ya ɗauki na intanet kaɗai. In Ramla ce ta kira kuwa ba ya ɗauka, wai an hana su taɓa waya a wurin aiki. Iya ta yarda, har ta zama lauyarsa. Uwar Sodangi, maƙwabciyarta, ba ta da aiki sai zuwa ta ce jiya ɗanta ya kira ta daga Jidda har kunnenta ya yi zafi. Iya sai ta taɓe baki ta ce ai Sodangi shekara tara ya yi a can, ba a gwada tsawon bunsuru da na ɗan akuya.

Amma abin na cin ta. Ba wani abu mai yawa take nema ba, ta faɗi magana ya mayar mata, ta tsokane shi ta ji dariyarsa tun tana da sauran kunne. Saƙon murya kuwa ko ka sa shi sau goma, abin da ya faɗa shi zai maimaita.

Ana nan sai Sodangi ya zo hutu. Ranar Juma'a bayan la'asar ya shigo gaida Iya, riƙe da leda: mayafi ruwan ƙasa da kwalbar turare, saƙon Mujtaba. Aka shimfiɗa masa tabarma a rumfa, Ramla ta ɗora gahawa. Iya ta shafa mayafin, ta sa albarka, sannan ta matso.

"Sodangi, ɗana, in ka koma ka taimaki yaron ga. A sama mai layin da aka kiran gida da shi, ko akuyata ce in sai da."

Sodangi mutum ne da bakinsa ke riga hankalinsa tashi. Ya kwashe da dariya.

"Wace akuya, Iya? Ai shi na mafi sauƙi, duk lebura shi ya ka ɗauka. Ni nik kai Mujtaba shagon ran da yas sauka Jidda, kahin ya wuce Riyad. Mai shago yaz zube muna shariha biyu, wato layukan waya, wagga da mintocin kiran Sudan, wagga intanet zalla, kuɗinsu guda. Nic ce mai ɗauki ta kiran gida. Yac ce a'a."

"Shi yac ce a'a?"

Sai a lokacin Sodangi ya ga hararar da Ramla ke aika masa daga bakin murhu. Ya ɗauki kofin gahawa ya kurɓa da zafinsa, ya shiga kame-kame, wai ƙila yaron bai gane bayanin mai shagon ba.

Iya ta ce, "Kira min shi."

"Yanzu yana wurin aiki, Iya."

"Yau Juma'a. Kira min shi."

Ba yadda ya iya. Ya danna lambar ya buɗe sautin. Wayar da Ramla ta yi wata takwas tana bugawa ba a ɗauka, ƙara biyu ta yi aka ɗauka. Muryar Mujtaba ta cika rumfar da Larabci, garau, yana yi wa Sodangi barka da isa gida. Babu mura, babu dangin mura. A bayansa ana jin maza na shewa, ana buga ƙwayoyin domino a kan tebur.

Jin muryar kawai ya sa Iya ta manta da maganar shago. Ta fizge wayar, bakinta har kunne.

"Maigida! Haka aka aure a garinku? Wata takwas ka bar mata ba cehwane, ba ko sallama?"

Ta dakata tana jiran ya rama. Can wani daga cikin mazan ya tambaya da Larabci, wace ce wannan mai yare? Aka ji motsi, alamar Mujtaba ya ɗora hannu a kan wayar, amma bai rufe ta da kyau ba.

Ya ce musu, "Wata tsohuwa ce Bafallata. Tana yi wa gidanmu aiki tun muna yara, ta saba da ni."

Iya ta shekara arba'in tana kai kuɓewa da gyaɗa kasuwar Sinnar, babu Larabcin da zai wuce ta. Ta ji kowace kalma. Bafallata, sunan da ake jifan Hausawan Sudan da shi in ana son a tuna musu su baƙi ne. Nan take ta gane raɗar nan ta cikin saƙonni, ta gane abin da ya faru a shagon. An ajiye masa layi biyu, ya duba, ya zaɓi wanda Hausarta ba za ta same shi a gaban mutane ba. Da talauci ne da ta yafe, da mantuwa ce da ta yi masa faɗa ta huce. Wannan cin amana ne, kuma ya yi mata ciwon da ba ta ji irinsa ba tun rasuwar uwarsa.

Ramla ta taso a fusace, ludayi a hannu, za ta karɓi wayar ta faɗa wa duk ɗakin ko ɗan waye shi. Iya ta riƙe mata hannu. Kalma ɗaya ta isa ta tsiraita shi a gaban waɗanda yake ci da kwana da su, ita ma ta san haka. Amma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Ta gyara murya ta yi masa Larabci, abin da ba ta taɓa yi da shi ba tun da aka haife shi. Ta gaishe shi gaisuwar mai aiki ga ɗan masu gida. Ta ce mutanen gida duk suna lafiya, mayafi ya iso, Allah ya saka da alheri, ya gaida abokan zama.

"Amin, ya Hajja," in ji shi. Aka ji ya ture kujera, aka ji ƙarar ƙofa, hayaniyar ta yi nisa. Sannan cikin raɗa, da Hausa, ya ce, "Iya, tsaya ki ji."

Ta miƙa wa Sodangi wayarsa. Ya tsaya riƙe da ita yana kallonta, ta yi masa alama da hannu, ya kashe.

Babu wanda ya ƙara shan gahawar. Da Sodangi ya fita, sum-sum kamar wanda ya fasa tulun surukai, Iya ta dubi Ramla.

"In saƙonai ya zo, ki saurara ke ɗai. In lahiya yake, ki ce min lahiya yake. Ya ishe ni."