Wankin Tulun Empiang

Ranar da aka gama makokin yayata Empiang aka kwance igiyar da aka ɗaure kayanta da ita bisa al'adarmu, matan gidanmu ba su bi ta kan zannuwanta ba. Tulunta suka nufa. Ƙaton baƙin tulu ne da ya kawo min ƙugu, a cikinsa take haɗa tuak, giyar shinkafarmu, kuma duk tsawon dogon gidan nan namu, inda kowane iyali ke da ƙofarsa a kan baranda ɗaya, babu mai kama ƙafarta. Idan bikin Gawai ya zo bayan girbi, baƙi suna bin baranda ƙofa-ƙofa ana zuba musu, da sun iso ƙofar Empiang sai su manta akwai sauran ƙofofi a gaba.

Ni na buɗe bakin tulun. A can gindinsa guggubin haɗinta na ƙarshe ya bushe ya kama, wanda ciwo bai bar ta ta ƙarasa tacewa ba.

Gwaggo Lemok ta leƙa. Ita ce tsohuwar gidan. Haƙoranta sun ƙare amma harshenta na nan da kaifinsa, kuma abin da ta faɗa a kan giya shi ke zama. Ta ce, "Kada wanda ya sa wa tulun nan ruwa. Hannun Empiang ne kwance a ciki. A zuba sabuwar shinkafa a kansa, hannun zai kama."

Duk muka gyaɗa kai. Ni har ƙwalla na share.

Saura kaɗan Gawai, ga shi babu mace a ƙofar. Ɗansu Sawing yana can yana aikin jirgin ruwa, ko budurwa bai kawo mana ba. Sai mijinta Mujah, mutumin da sai ka matsa masa kafin ya ce maka ina kwana. Tun ina yarinya nake tsokanarsa, bai taɓa ramawa da abin da ya wuce murmushi ba.

Na ce masa, "Baban Sawing, kwantar da hankalinka. Ni zan haɗa maka a tulun Yaya. In ma ka fi so, in ɗebo maka daga tawa ka zuba wa baƙi, wa zai sani?"

Ya ce, "Ni zan sani."

"To wa zai haɗa?"

"Ni."

Barandar ta ɗauki shewa. Wata ta ce a nemo masa zani, wata ta ce a huda masa kunne tun da wuri kafin biki. Ko a jikinsa. Da suka lafa sai ya ƙara da cewa, "Amma sai na wanke tulun tukuna."

Nan dariya ta mutu. Gwaggo Lemok ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Ɗan nan, matarka za ka zubar a kogi?"

Mujah ya tashi ya shige ɗaki. Washegari da hantsi na hango shi ya goya tulun a baya da igiya, yana sauka matakala a hankali kamar mai ɗauke da mara lafiya. Na ajiye tankaɗen da nake yi na bi shi, zuciyata na tafarfasa. Tun daga gida har bakin ruwa ban rufe baki ba.

"Kai wai kunnenka na ƙashi ne? Abin da ya rage mana nata ke nan! Idan giyar ta yi tsami ka san me za a ce? Za a ce mijinta ne ya wanke ta da hannunsa. Sunan ƙofar nan da Yaya ta sha wahala ta kafa, a rana ɗaya za ka ɓarar da shi."

Ya sauke tulun a kan dutse, ya kamfaci ruwa ya zuba a ciki, ya jujjuya. Guggubin ya jiƙa. Sai ƙamshin ya taso.

Ban shirya masa ba. Ƙamshin ɗakin yayata ne sak, ƙamshin zaninta idan ta rungume ni a watan biki. Na zauna a kan yashi na fashe da kuka. Mujah ya rungumi wuyan tulun da hannu biyu, ya sunkuyar da fuskarsa a bakinsa, ya daɗe a haka. A raina na ce shi ke nan, ya fasa.

Ya ɗago, ya share fuska da gefen hannu, ya ce, "Sendai, da yayarki za ta leƙo ta ga wannan datti a gindin tulunta, da ni da ke sai mun nemi wurin kwana."

Dariya ta kufce min a tsakiyar kuka, don gaskiya ya faɗa. Empiang ba ta da wasa a kan ƙazanta.

Ya ce, "Tun da na aure ta ita ke haɗawa, ni ke wankewa. Ba ta taɓa zuba shinkafa a tulun da ban ƙona da ruwan zafi ba. Abin da na iya ke nan, kuma shi zan yi mata."

Ya karkata tulun. Farin ruwan ya bi kogi, muna kallo har ya ɓace.

Na san yana taya ta, kowa ya sani. Muna ganinsa da itace da tukunya duk shekara, muna ce masa bawan Empiang. Amma ban taɓa tsayawa na kalli aikin ba sai bana. Ya goge cikin tulun da sabon ɓawon kwakwa, hannunsa har kafaɗa a ciki, yana bin kowane lungu da yatsa yana lalube. Na miƙa masa sabulu, ya ture, wai ƙamshinsa kan maƙale a jikin yumɓu. Da ya dawo gida ya ɗora babbar tukunya, ya tafasa ruwa da ganyen gwaiba. Bai kwara shi kai tsaye ba, sai da ya fara ɗumama tulun da ruwa mai ɗumi don kada ya tsage, sannan ya bi shi da tafasasshen, ya rufe baki ya bar tururin ya yi aikinsa. Ludayi, muciya, mataci, ƙyallen rufe baki, har igiyar ɗaurewa, babu wanda bai ziyarci tukunyar nan ba. Ya yanke faratansa har sai da suka yi ja.

Bai goge komai da tsumma ba. Ya kai su dandamalin gora inda muke shanya shinkafa, ya kifa tulun a kan itace biyu yadda iska za ta shiga ta ƙasa, ya zauna gadi a cikin rana da doguwar sanda. Kaza ba ta isa ta gifta ba. Karen maƙwabcinsa da ya zo shinshina ya sha sanda, har aka yi 'yar cacar baki.

Mata na wucewa suna jefa masa magana.

"Baban Sawing, in ka gama ga tukwanena can!"

"Wannan wankan ko jariri bai samu irinsa ba."

Ya ce, "Jariri ba ya tsami." Ka ji fa, mutumin da ba ya magana.

Ranar haɗi na zo da curin yis ɗina mai sa giya ta tashi, irin wanda mahaifiyarmu ta koya mana ni da Empiang, na garin shinkafa da citta. Ya riga ya dafa shinkafa mai danƙo, ya baza ta a kan ganyen ayaban da ya gasa a wuta, tana hucewa. Na ɗaga ƙafa zan shiga, ya tare ƙofar da hannu.

"Me kika ci?"

"Me na ci kamar yaya?"

"Ina jin warin ɗanyen mangwaro."

Na ci kuwa, da gishiri da barkono, a ƙofar wata ƙawata. Kowace mace a gidan nan ta san mai haɗa tuak ba ta kusantar abu mai tsami, amma ai ba ni ce mai haɗin ba, kuma na wanke hannu.

Na ce, "Haba mijin Yaya, ni za ka hana shiga ɗakin da na yi wayo a cikinsa?"

Ya ce, "Ajiye yis ɗin a kan ganyen nan, ki koma baya. Daga nan ma ina jin ki. Duk gidan nan ana jin ki."

Haka aka yi haɗin. Ina tsaye a bakin ƙofa kamar mai tallan da aka hana shiga, ina ba da umarni da ƙarfi. "Taɓa da bayan hannu, ta huce? Daka shi ya yi laushi! Barbaɗa, ba zubawa ba, kai ba taki kake watsawa a gona ba!" Shi kuma yana durƙushe, manyan hannayen nan nasa na saran daji suna juya shinkafa a hankali. Ya cika tulun, ya rufe, ya ɗaure. Da lokacin ƙara ruwan sukari ya yi, shi ma sai da ya tafasa shi ya bar shi ya huce a rufe.

Sai jira. Ba zan ɓoye ba, na ji tsoro. Gwaggo Lemok ta daina amsa gaisuwarsa. Idan ya wuce ta baranda hira takan tsaya. Nakan shiga in same shi ya kara kunne a jikin tulun yana sauraron tashinsa, in tambaye shi, ya ce, "Yana magana." Ya rame a watan nan fiye da yadda ya rame a makoki.

Gawai ya zo. Tun da safe kwale-kwale ke tsayawa a bakin ruwa, ganguna na tashi, ƙamshin kazar da aka dafa cikin gora ya cika baranda. Na jera kofunana a ƙofata, amma idona na kan ƙofar Yaya. Mujah ya shimfiɗa tabarma, ya zauna da kwalabensa a gaba, cikin rigar da ta yi masa yawa. Baƙi suna isowa su gaishe shi, su yi masa ta'aziyya, su wuce. Labari ya riga ya zaga, ba mai son ya zama na farkon da zai yamutsa fuska a gaban mai makoki.

Sai ga Gwaggo Lemok tana dogara sandarta. Ta zauna daram a tabarmarsa ba tare da gaisuwa ba, ta ce, "Zuba min abin da ka wanke."

Ya zuba. Giyar ta sauka a kofi garau, ruwan zuma-zuma, babu guggubi ko kaɗan. Ta ɗaga ta duba a haske, ta shinshina, ta kurɓa, ta riƙe a baki. Mutane suka taru a kansu.

Ta haɗiye. Ta miƙa kofin. "Ƙara."

Ta shanye na biyun ma kafin ta yi magana. "Zaƙin bai kai nata ba. Hannunka ya yi rowar sukari." Ta goge baki da gefen mayafi. "Amma wannan sanyin da ke bin maƙogwaro babu ɗaci babu tsami, wanda na yi shekaru ina nema a tuluna ban samu ba, ga shi nan. Ashe mutum biyu muke sha tuntuni, muna yabon ɗaya." Ta dafa gwiwarsa. "Sannu, ɗan nan. Ba ka zubar da ita ba."

Mujah ya sunkuyar da kai.

Ni kuwa kaina ya kumbura kamar ni na haife shi. Na tsaya a tsakiyar baranda na buɗe muryar nan da ake yi min gori a kanta. "Ina masu neman zani? Ku matso ku sha! Ƙofar Empiang a buɗe take! Mijin yayata ne ya haɗa, mijin yayata!"

Suka yo ca. Kafin rana ta take, tabarmar ta cika har ana zama a ƙasa, baƙin ƙauyen sama suna aikawa a kira 'yan uwansu daga wancan ƙarshen gida. Na waiwaya ƙofata, kofunana na jere a bushe, ko ƙuda bai sauka a kansu ba. Tun ina amarya giyata ke zuwa ta biyu a bayan ta yayata, kuma kowace shekara sai abin ya ɗan sosa min rai. Bana ma ta biyu na zo, a bayan mijinta, kuma ban taɓa jin daɗin biki irin wannan ba. Na rufe tuluna, na kwaso kofunan, na je na durƙusa kusa da shi ina miƙa wa baƙi.