Kaurin Farce

…kuma ta ja. Nan ne maganar take. Ba nuna shi kawai ta yi ba, Darlene ta ja kunamar bindigar da yatsanta.

Ga Wendell can a kicin yana haɗa kofi yana 'yar waƙarsa. Mijinta. Shekara goma sha tara da aurensu. Sai Juma'a ake sallamarsu daga rijiyoyin mai, yau kuwa Talata — Talata da rana tsaka! Wa ke shigowa ta gareji ko tari babu? Motsi ta ji, ta ga ƙaton mutum ya cika ƙofa, ita da tun da aka fasa gidan maƙwabta hankalinta bai…

Shiru. Bindigar ta ƙi tashi.

"Harsashi ɗari biyu, 'yata." Tsoho Harlan ke nan mai shagon bindigogi, ranar da ta sayi bindigar, yana kaɗa mata yatsa. "Fentin nan da kika zaɓa kauri gare shi, ya cushe hanyar da marfin saman bindigar ke zamewa. Sai kin harba ɗari biyu zai goge. Kafin nan kar ki amince mata." Ita kuwa shuɗin fentin ne ya tafi da imaninta. Ashirin ta harba, ta ga gefe ya fara ƙujewa, ta naɗe abarta a tsumma ta adana. Tsabar son kwalliya, ba wani abu ba.

Marfin bai gama rufewa ba. Saura kaurin farce. Wayyo Allah, kaurin farce tsakanin harsashi da rigar nan mai jan ratsi, wadda ita ta goge wa Wendell da hannunta…

Bindigar ya gani, bai ga yatsan ba. Har da ɗaga hannu yana dariya. "Ranki ya daɗe, na miƙa wuya! Haka ake tarbar miji?"

Ta faɗa masa? Da wane baki? Ta ce me — na harbe ka, fenti ne ya hana?

Ga shi ya ɗauki bindigar daga kan tebur, ya zare harsasan, yana jan marfin gaba da baya, yana tsaki.

"Har yanzu cijewa take. Gobe mu je fili mu ƙarasa ɗari biyun nan, tawan. Daga nan ba za ta sake ƙin tashi ba."

Ya miƙo mata kofi. Ba za ta sake ba, in ji shi… Hannunta ya ƙi ɗaguwa ta karɓa.