Lamba Talatin

Tun tana ƙarama Siririya ake ce mata a gida, sunan kuma ya bi ta har kantin maganin da take aiki. Haihuwa ta biyu ce ta mayar da shi abin tsokana. Ƙannenta su ce "Siririya" suna ƙunshe dariya, ita kuwa ranta ya yi ta ƙuna. Sai ta ɗauko tsohon wandonta na jins, shuɗi mai duhu, lamba talatin, ta rataye shi a ƙofar wadirob, ta rantse ba za ta sayi wani ba sai wannan ya shige ta. Wata huɗu tana azabtar da kanta. Da safe ruwan ɗumi, da rana ta ce ta ci a wurin aiki, da yamma ta ce ta ƙoshi, ga jaririya tana shan nono.

Wata Talata wandon ya shiga. Zif ya hau, maɓalli ya rufu, har da ɗan sarari a ƙugu. Ba wanda ba ta buga wa waya ba. Ranar Asabar ta saka shi, ta bar jaririyar wajen Umma, mahaifiyarta, wadda kullum take zuwa yi mata reno, ta nufi shagon da ta saba sayen kaya tana taku ɗai-ɗai.

"Lamba talatin, guda biyu," ta ce wa mai shagon, da ƙarfi, don sauran mata su ji. "Baƙi ɗaya, shuɗi ɗaya."

Mai shagon ta dube ta sama da ƙasa. "Anti, da kin gwada mai dogon ƙugun nan, ƙafarsa a miƙe take. Zai zauna miki ɗas."

"Na tambaye ki shawara?"

Ta shige bayan labule. Na farko ya tsaya a cinya, ya ce nan ya kawo. Na biyu ta ja, ta yi tsalle, ta riƙe numfashi, gumi ya karyo mata, ko gezau. Na uku da aka ƙaro mata har ya ƙwarzane ta.

"Lambobinku na ƙarya ne!" ta faɗa daga ciki. "Kuna kwaso kayan yara kuna manna musu lambar manya. Wanda na shigo da shi talatin ne, ga shi nan!"

Ta cillo shi ta saman labule. Da ta leƙo, sai ta ga mai shagon ta shimfiɗa shi a kan tebur, ta ɗora tef ɗin awo a ƙugunsa.

"Talatin da huɗu ne, Anti."

"Ba ki iya karatu ba? Duba lambar."

Mai shagon ta juya ƙugun. Lambar tana nan, talatin, amma ɗinkin hannu ne ya riƙe ta. Da yake bakinta ba ya shiru, sai ta tafa hannu. "Af! Ai ni na sayar da shi! Wata dattijuwa mai tabarau ce ta zo da tsohon wando a leda, ta ce a ba ta irinsa sak, amma mai faɗi. Har ta tambaye ni yadda za ta wanke shi ya koɗe."

Wata mata da ke zaɓen riguna ta juya baya, kafaɗunta suna rawa. Siririya ta karɓi wandon ta kalli ɗinkin. Ta san shi. Ƙananan ɗinki a jere, a ƙarshe ƙulli biyu, ɗaya kan ɗaya. Duk kayan makarantarta da wannan ƙullin ta girma.

Ba ta san yadda ta isa gida ba. Ta tarar da Umma a falo, jaririya tana barci a cinyarta.

"Umma, ina wandona?"

"Ga shi a jikinki."

"Wandona nake tambaya! Kin mayar da ni mahaukaciya a gaban mutane. Na bi kowa da waya ina murna, ashe dariya ake yi mini. Su waye suka sani? Ƙannena? Baban yarinyar?"

"Ba wanda ya sani sai ni. Sassauta murya, yarinya tana barci."

"Ba zan sassauta ba! Wata huɗu ina wahala, abu ɗaya tak na sa a gaba, shi ma sai da kika sa hannu. Ina ruwanki da jikina?"

Umma ta kwantar da jaririyar a kan kujera, ta tare ta da matashi. Ta cire tabarau. Siririya ta daɗe ba ta ga fuskar nan haka ba, sai ta gane fushin da ta shigo da shi ƙarami ne.

"Ina ruwana? Ranar Lahadi, mako uku da suka wuce, a kan matakala, wa ya riƙe ki? Kina rungume da yarinyar nan jiri ya kwashe ki, kika ce takalmi ne. Takalmin me, ƙafarki ba komai? Ta kama nono ta saki tana tsala kuka, ki ce rigima ce. Ba rigima ba ce, nonon ne babu! Ke da kike sayar wa mutane maganin ƙarin jini, kin kalli idonki a madubi? Na yi magana, kin ce ban waye ba. Na zuba abinci, kin juye shi da almuru a bola kina cewa kin ci. To, na rasa yadda zan yi da ke, sai na yi da wandon."

"Da ƙarya."

"Da ƙarya, ƙwarai. Tun Talatar nan kina cin abinci ko ba kya ci?"

Siririya ta san amsar. Tana ci. Kwana huɗu ke nan tana ci kamar mutum, jaririyar ma tana barci ba tashi. Wannan ne ya fi ba ta haushi, har hawaye suka zubo mata.

Umma ta jawo jakarta, ta zaro leda, ta jefa mata a ƙafa. Tsohon wandon ne, a ninke, ƙugunsa ba lamba.

"Ga abinki. In kin ga dama ki mayar da shi ƙofar wadirob. Amma ki sani, wando in ya yi kaɗan shago zan koma. Ke in kika faɗi da yarinyar nan, wane shago zan je?"

Siririya ta tsaya tana kallon ledar, tana huci. Jaririyar ta motsa, ta fara neman nono. Siririya ta tsallake ledar, ta ɗauki jaririyar, ta zauna, maɓallin wandon bai matse ta ba.

"Akwai sauran abinci a tukunya?" ta tambaya, ba ta kalli Umma ba.