Kwalbar da Ba Ta Haye Kogi Ba

Zaharah ta kama hannun Rosnah tana cikin cusa 'yar kwalbar a tukunyar shinkafa.

"Fito da ita."

"Yaya, don Allah. Wa zai tsaya buɗe tukunya?"

"Waɗanda suka buɗe ta matar Deraman bara. Har yau tana tsare. In aka kama ki, wa zai juya Inna a shimfiɗa?"

Kogin Golok a nan bai da wani faɗi. In ka ɗaga murya, ana amsa maka daga tsallake. Gidan Zaharah yana ɓangaren Tailan, na Inna Limah, mahaifiyar Rosnah, yana ɓangaren Malesiya, ƙofa na kallon ƙofa. Maƙwabta ne na gaske, aron gishiri ma a kwale-kwale suke yi. Sai dai man wiwin da likita ya rubuta wa tsohuwar saboda ciwon daji, a Tailan magani ne, a Malesiya kuwa gidan yari. Shi ya sa aka hayo da ita ɗakin Zaharah, likita ya sa sunan Zaharah a matsayin mai jinya. Ita ke da izinin riƙe kwalbar, a wannan gaɓar kaɗai.

Yau kuma tsohuwa ta kafe sai ta koma gida.

"Inna, kin san yadda ciwon nan yake in ya tashi," in ji Zaharah.

"Ke za ki faɗa min? Ɗakina nake so. In mutu nan, a tsaya neman izinin hayar da ni kamar buhun albasa? Kusa da babansu za a sa ni."

Zaharah ta yi lallashi, ta yi kuka, har faɗa ta yi, duk a banza. A bakin ruwa ta ɗiga mata man a ƙarƙashin harshe.

Tsohuwa ta yi murmushi. "To, ga shi zan yi fasa-ƙwaurinsa a cikina. Su zo su buɗe ni."

Aka haye da ita gida, Rosnah na biye. Maganin ya riƙe ta har la'asar. Daga nan nishinta ya fara hayo ruwa, yana shigowa ɗakin girkin Zaharah. Rosnah ta leƙo ta taga, ɗankwali a zame.

"Yaya, jefo min. Jifa ɗaya ne fa."

Masu gadin iyaka biyu na zaune a inuwar kwakwa, kusa da gidan Inna Limah. Zaharah ta ɗaga hannu da kwalbar, ta dubi Rosnah, ta sauke. Ta tsani kogin, ta tsani kanta, ta zauna a matakala tana jin komai.

Washegari da hantsi nishin ya tsaya. Can sai ga Rosnah ta fito da tabarmar tsohuwa, ta shanya a igiya, ba ta dubi tsallake ba.

Zaharah ta yafa mayafi ta kira mai kwale-kwale. Kwalbar ta bar ta a kan taga, rana na haska ta, ko rabi ba a sha ba.