Gafiyar Duwatsun Fika

Tun daminar 1994 Malama Muhsina, mai koyar da kimiyya a Mamudo, take neman wata ƙaramar gafiya da ba ta zama sai a duwatsun Fika, ga shi irinta ya kusa ƙarewa. So take ta auna ta, ta mayar da ita raminta. Ta roƙi maharbi Tanko ya kamo mata da rai.

Ran nan ya iso da kwando. Tana buɗewa ta ga wuya a yanke.

"Baba, da rai fa na ce maka."

"Da ranta na kamo ta. A hanya na ga tana lumshe ido, na yanka kar ta zama mushe."

Malama ta dafe kai. "Barci take yi, Baba. Da rana barci suke yi."